Yadda ake shimfiɗa laminet a ɗaki, daga awo har sikatin

Salam jama'a. Tun da laminet, falankan nan masu kamar katako da ake shimfiɗawa a kan daɓe, ya fara shiga gidajenmu, musamman ɗakunan amare da falon baƙi, tambaya biyu ake ta maimaita min. Wai mutum zai iya sa shi da kansa ko dole sai an kira masu aiki? Kuma me ya sa na gidan wane ya kumbura alhali ko shekara bai yi ba? Toh ta farko amsarta eh, in dai kana iya riƙe zarto kuma kana iya karanta tef ɗin awo zaka iya, ɗaki ɗaya ma a yini ake gama shi in daɓen lafiyarsa ƙalau. Ta biyun ce za ta ci mana lokaci, don yawancin laminet ɗin da ka ga ya lalace, tun kafin a ɗora falanki na farko aka gama lalata shi. Ko ba kai zaka yi aikin ba ka daure ka karanta, ka san inda zaka tsaya kai da fata in mai aiki yana so ya yi maka sharp sharp ya karɓi kuɗinsa ya wuce.

Ka riƙe wannan tun yanzu: laminet ba a manna shi da gam, ba a buga masa ƙusa, kwance kawai yake a kan daɓe falankan sun kama juna. Cikinsa garin katako ne da aka matse da ƙarfi, aka ɗora takarda mai zanen itace a kai, aka rufe da wani abu mai tauri. Shi ya sa yake buɗewa in iska ta yi laima, ya tsuke in ta bushe. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suke.

1. Duba ɗakin tukuna

Banɗaki a'a. Baranda a'a. Wurin da ake alwala ko ake ajiye buta a'a. Kicin ma ni ba na ba da shawara, sai dai in za a sayi irin na roba mai tauri da ake kira SPC, wanda shi ruwa ba ya kumbura shi, kuma kusan haka ake shimfiɗa shi. Uwar ɗaka, falo, ɗakin yara, ofis, nan ne wurinsa.

Sai ka sunkuya ka dubi gindin bango. In ka ga fenti yana ɓarewa daga ƙasa, ko wani farin gishiri-gishiri yana fitowa, wannan ginin yana jan ruwa daga ƙasa, galibi gidajen da ba a yi musu jaman fulo ba, wato kankaren da ake zubawa a ƙasa bayan an gama harsashin gini, ko ba a sa leda ba lokacin gini. Irin wannan ɗakin tayil ne maganinsa ba laminet ba. Haka in ka ga hanyar gara a bango ko a firam ɗin ƙofa, a fara kashe ta tukuna, don cikin falankin katako ne.

Gargaɗi: ka duba ƙasan ƙofa. Laminet da soson ƙarƙashinsa za su ɗaga ɗakin da wajen santimita 1 ko ma fiye. Ƙofar katako ana cire ta a rage mata ƙasa, amma ƙofar ƙarfe irin ta Turkiyya ko ta China ba a yi mata haka da sauƙi. In tana buɗewa zuwa cikin ɗaki kuma ƙasanta na kusa da daɓe, ka warware wannan matsalar kafin ka je kasuwa.

2. Awo da lissafin kuɗi

Auna tsawo da faɗi da mita, ka ninka. Ɗakinmu na gargajiya mai ƙafa 12 da 12 yana kama mita 3.66 kowane gefe, wato wajen sukwaya mita 13.4. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da kuskure, ya koma 14.7. In ɗakin yana da lunguna da yawa ko kana so a jera shi a karkace, ka ƙara kashi 15. Kowane kwali an rubuta a jikinsa yawan filin da yake rufewa, yawanci tsakanin sukwaya mita 2 zuwa 2.5. A ce naka 2.2 ne, ka raba 14.7 da 2.2, zai ba ka 6.7, toh kwali 7 zaka saya, kuma in da hali ka ƙara ɗaya ka ajiye a sito, dalilin yana ƙarshen rubutun nan.

Maganar kuɗi kuwa, kayan nan daga waje ake shigo da su, China, Turkiyya, Jamus da sauransu, saboda haka farashinsu dala yake bi, na watan jiya ba shi ne na yau ba. Abin da ya fi maka amfani shi ne ka san abubuwan da zaka biya, don a nan ake yi wa mutane wayo. Za a faɗa maka kuɗin sukwaya mita ɗaya ka ji daɗi, sai an fara aiki a ce ai ba a sa kuɗin soso ba, ba a sa na sikatin ba, wato siririn falankin da ake bin gindin bango da shi. Ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya:

falankan kansu
soson ƙarƙashi, daidai faɗin ɗaki
leda mai kauri da salatif mai faɗi
sikatin, wannan da tsawon bango ake auna shi ba da sukwaya mita ba, ɗaki 12 da 12 zai ci wajen mita 14 in an cire ƙofa
ƙarfe ko robar dokin ƙofa
siminti in daɓe yana son gyara
kuɗin mota, don kwalayen nan suna da nauyi ba wasa
kuɗin aiki in ba kai zaka yi ba, shi ma a sukwaya mita ake yin cinikinsa

Ka tambayi shago uku aƙalla. A Kano akwai Kofar Ruwa, a Abuja akwai Dei-Dei, kowane babban gari dai yana da inda ake sayar da kayan gini, kuma masu sayar da labule da kafet da dama suna ajiye shi.

3. Wanne zaka saya

Abu biyu zaka duba a jikin kwali, kauri da lambar AC. Kauri akwai milimita 7, 8, 10 da 12. Na 8 shi ne daidai wa daida a ɗakin kwana, na 12 ya fi daɗin taka kuma makamansa, wato bakin da falankan ke kama juna da shi, sun fi ƙarfi, na 7 kuwa gaskiya ni ba na so, bakinsa saurin karyewa gare shi tun wajen haɗawa. Lambar AC ita ce ke nuna juriyar samansa ga gogewa. AC3 ya isa gida, AC4 ya fi dacewa da falon da ake yawan shige da fice ko shago, AC5 na wuraren da jama'a ke tururuwa ne, ba sai ka kashe kuɗinka a kansa ba don ɗakin kwana. Wanda babu ko lamba a jikinsa ka bar musu kayansu, araha ba ta ado.

Gargaɗi: duk kwalayen su kasance lambar bugu ɗaya. Kala iri ɗaya ce a suna, amma in bugun ya bambanta za ka ga wani ya ɗan fi wani duhu, kuma ba ka ganewa sai an shimfiɗa rana ta haska. Sannan ka sa a buɗe kwali ɗaya a gabanka, ka haɗa falanki biyu ka gani ko suna kamawa tsaf babu tsaga. Kwalin da gefensa ya jiƙe ko kusurwarsa ta daddagule kar ka karɓa.

4. Kayan aiki

Tef ɗin awo, fensir, sukwaya ta kafinta, zarto mai ƙananan haƙora ko injin jigso, guduma, wuƙar yankan leda, tsintsiya, da doguwar sandar alminiyam irin ta masu filasta. Sai abu uku na wannan aikin kaɗai: guntayen tazara da ake sa wa tsakanin falanki da bango, guntun katakon da ake dafawa a buga, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake maƙala wa falankin ƙarshe a jawo shi. Ana sayar da ukun a haɗe, amma na farko da na biyu zaka iya yin su da ragowar laminet ɗin. Shi ƙarfen in ba ka samu ba mai walda zai lanƙwasa maka faffaɗan ƙarfe, baki ɗaya ya kalli ƙasa ɗaya ya kalli sama. Ka sa takunkumi in zaka yi yanka, kuma a waje zaka yi, ƙurarsa laushi gare ta tana shiga ƙirji.

5. Gyaran daɓe

Nan ne aikin yake, sauran duk jeri ne. Kuma nan ne masu aiki suka fi tsallakewa don ba ya nuna a hoto.

Fara da kwashe komai. Kafet a cire, ledar ɗaki a cire, in an manna ta a kankare ragowar gam ɗin. Ba a shimfiɗa laminet a kan kafet, laushinsa ya yi yawa, duk taku falanki zai lotsa har makaman su karye. Tayil kuwa ana iya hawa kansa ba sai an fasa ba, in dai a daidai yake kuma babu mai motsi. Ka bi su da ƙwanƙwasa, wanda ya yi ƙarar holoƙo ko ya fashe a cire a cike gurbinsa da siminti. Aikin fenti da POP da filasta duk a gama su kafin nan, laminet shi ne na ƙarshen shiga ɗaki.

Sai gwajin laima. Yanko leda kamar rabin mita kowane gefe, shimfiɗa a kan daɓe, like duk gefunan huɗu da salatif kar iska ta shiga, yi haka a wuri biyu ko uku musamman kusa da bangon banɗaki da bangon waje, ka bar ta kwana biyu zuwa uku. In ka ɗaga ka ga gumi a cikin ledar ko simintin ya yi duhu, daɓen bai bushe ba ko ruwa na tasowa. Kar ka ci gaba. Sabon daɓe yana yaudara, samansa zai yi fari fat cikin mako guda amma cikinsa da ruwa. Lissafin da aka saba shi ne kusan kwana ɗaya ga kowace milimita ta kauri, daɓe mai santimita 4 kwana 40 ke nan. Na san biki ya matso, na san dangin amarya suna ta waya suna so su zo jere, amma ruwan da ke cikin simintin nan babu inda za shi sai cikin falankinka.

Gargaɗi: gwajin leda a tsakiyar hunturu ba ya faɗin gaskiya duka. Ɗakin da ya bushe ƙayau a watan Janairu yana iya tsatsafo a watan Agusta. In gidan haya ne ko sabon saye, ka tambayi maƙwabta ko wanda ya zauna a ciki yadda yake yi da damina.

Bayan laima sai daidaito. Kwantar da sandar alminiyam a ƙasa, ka dinga jan ta lungu lungu, a tsaye da a kwance da a karkace, kana leƙen ƙarƙashinta. In ramin da ke ƙasan sandar ya wuce milimita 3 a tsawon mita 2, sai an gyara. Zagaye wurin da fensir ko alli. Tudu a goge shi da giranda ko a sassaƙe, kwari a cike shi. Akwai simintin da ake damawa ruwa-ruwa a zuba ya baje da kansa, shi ya fi, in ba a samu ba birkila mai hannu zai iya cikewa, sai dai shi ma a jira ya bushe. Kar wani ya ce maka ai soso zai ɓoye, ko a ninka soso biyu a wurin ramin. Ba ya ɓoyewa. Wurin zai dinga lotsawa yana ƙara ƙyas ƙyas in an taka, wata shida bakin falankin ya buɗe.

In an gama a share, a sake sharewa. Tsakuwa ɗaya tak a ƙarƙashi zaka dinga jin ta a tafin ƙafa.

6. Bar kwalayen su kwana a ɗakin

Shigo da su ɗakin da za a yi aikin, kwantar da su a kwance ba a jingine da bango ba, kar a buɗe, su yi awa 48. Daga sito mai zafi ko bayan mota suka fito, suna buƙatar su saba da iskar ɗakin. In jingine su ka yi za su lanƙwashe. Mataki ne da ba ya cin ko kwabo amma shi aka fi tsallakewa.

7. Firam ɗin ƙofa

In firam ɗin katako ne, kar ka yanka laminet ya zagaye shi, muni yake yi. Ɗauko guntun falanki ka ɗora a kan guntun soso, ka kwantar da zarto a kansu, ka yanke ƙasan firam ɗin daidai wannan tsayin, daga baya falanki zai shige ƙarƙashi. In na ƙarfe ne ba a yanka shi, sai dai ka zagaye shi ka bar 'yar tazara ka cike da silikon mai kalar falankin, don shi silikon yana ba da hanya in falanki ya motsa.

8. Leda da soso

A kan siminti ko tayil dole a fara da leda, mai kaurin milimita 0.2, irin wadda magina ke shimfiɗawa kafin a zuba kankare. In za a haɗa biyu, ɗaya ta hau kan ɗaya da santimita 20 a like da salatif, gefenta kuma ya ɗan hau bango da 'yan santimita, daga baya sikatin zai rufe. Sai soso mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a kai. Shi soso ba a ɗora wani kan wani, baki da baki ake haɗa su a like. Akwai soson da ya zo da ledarsa ko farar takardar alminiyam a manne, in shi ka samu ya wadatar, ka dai like mahaɗar da kyau. Kar ka shimfiɗa na ɗakin duka lokaci guda kana tattaka shi yana yagewa, layi ɗaya ko biyu, in ka rufe shi da falanki ka ƙara.

Gargaɗi: wasu falankan, musamman SPC, sun zo da sosonsu manne a baya. Waɗannan ba a ƙara musu wani.

9. Lissafin layuka da layin farko

Yawanci ana jera falanki ya bi hanyar hasken taga, ko ya bi bango mafi tsawo. A korido kuwa ya bi tsawon koridon.

Kafin ka yanka komai ka yi wannan lissafin. Auna faɗin ɗaki, cire santimita 2 na tazarar bango biyu, raba da faɗin falanki. A ce faɗin ɗakin santimita 347 ne, ya koma 345, falanki kuma 19. Layi 18 za su ci 342, saura 3. Layin ƙarshe mai santimita 3 ba ya kamawa kuma ba ya kyau, ƙa'ida kar ya gaza 5. Abin da ake yi sai a haɗa 19 da 3 ya zama 22, a raba biyu, a rage layin farko ya koma 11, na ƙarshe ma zai fito 11. In ba ka yi wannan tun farko ba sai ka zo ƙarshe ka tsaya kana kallon bango.

Kowane falanki gefe ɗaya yana da ɗan harshe, ɗayan yana da kwarmi, masu aiki suna ce musu namiji da mace. Ana farawa daga kusurwar hagu, harshe yana kallon bango, kwarmi yana kallonka. In ba a rage layin farko ba, a yanke harshen da ke kallon bangon. Sai ka sa guntayen tazara tsakanin falanki da bango, a gefe da kuma a kai, milimita 10.

Wannan tazarar ita ce ran aikin. Duk inda laminet zai haɗu da abin da ba ya motsi, bango, ginshiƙi, bututu, dokin ƙofa, sai an bar ta. A ƙasarmu ma abin ya fi tsanani, don bambancin hunturu da damina ba kaɗan ba ne. Wanda aka shimfiɗa a Disamba ko Janairu a tsuke yake iyakar tsukewa, damina na sauka zai buɗe, in bai sami wurin zuwa ba sai ya taso a tsakiyar ɗaki ya yi tudu. Saboda haka in da hunturu kake aikin kar ka rage ko milimita ɗaya, ka kai 12 ma in sikatin ɗinka zai rufe. Falo babba wanda ya wuce mita 8 zuwa 10 a tsawo, ka duba takardar cikin kwali, yawanci sai an raba shi biyu an bar tazara a tsakiya, a rufe ta da ƙarfe irin na dokin ƙofa.

Haɗa falankan layin farko kai da kai har ka kai ɗaya bangon. Na ƙarshen ba sai ka auna da tef ba: juya shi kai ya koma ƙafa, kwantar da shi kusa da layin, kansa ya taɓa guntun tazarar da ke jikin bango, yi alama daidai inda na bayansa ya ƙare, ja layi da sukwaya, yanka, juyo shi ka saka. In da zarton hannu kake yanka fuskar falanki ta kalli sama, in da jigso ne ta kalli ƙasa, in ba haka ba bakin zai tsattsage.

Gargaɗi: bangonmu da wuya ka samu miƙaƙƙe. Kar ka bi bango, ka ja igiya ko ka dafa sandar alminiyam ka tabbatar layin farko ya miƙe, inda bango ya shiga ciki ka ƙara kaurin guntun tazara. In karkatar ta yi yawa, zana siffar bangon a kan falankin ka yanke. Layin farko in ya karkace duk ɗakin ya karkace.

10. Sauran layukan

Guntun da ya rage daga layin farko da shi ake fara na biyu, in dai ya kai santimita 30. In bai kai ba yanko sabo. Mahaɗar kai ta wannan layin da ta layin da ke kusa da shi su yi nesa da juna da aƙalla santimita 30, kar su zo daidai, ƙarfin shimfiɗar daga nan yake. Kuma ka dinga ɗebo falanki daga kwali biyu ko uku kana gaurayawa don zanen kar ya yi ta maimaita kansa a wuri ɗaya.

Yadda ake haɗawa: ɗaga falankin kaɗan a karkace, zura harshensa cikin kwarmin layin da ke ƙasa, tura shi gaba kana saukar da shi a hankali har ya kwanta. Zaka ji ya kama. In ya ƙi kwanciya kar ka danne shi da ƙarfi, ɗago ka duba, yawanci ƙura ce ko ɗan ɓarɓashi a cikin kwarmin. Wajen kai kuwa kamfani kamfani ne, wani saukewa kawai ake yi a danna da babban yatsa ya ce ƙas, wani sai an dafa guntun katako an buga shi a kwance ya shige, wani kuma sai ka haɗa layin duka kai da kai sannan ku ɗaga shi ku biyu ku zura. Takardar da ke cikin kwali ta nuna da hoto, minti biyar ne karanta ta.

Gargaɗi: guduma ba ta taɓa falanki kai tsaye, ko sau ɗaya. Kuma bugu kaɗan kaɗan, in ka cika ƙarfi bakin zai taso. Duk falankin da zaka saka ka dube shi a haske tukuna, mai tabo ko karyayyen baki ka ajiye shi don yanka. Bayan layi uku ko huɗu ka tsaya ka duba ko guntayen tazara suna nan, don bugu yana tura shimfiɗar gaba ɗaya ta manne da bango ba ka sani ba. Kwali biyu cike in ka ɗora a kan layukan farko suna taimakawa.

Daga nan aikin gudu yake yi, sai dai gwiwa ta gaya maka.

11. Bututu da layin ƙarshe

In akwai bututu da ya fito daga ƙasa, auna inda zai faɗo a falankin, huda rami wanda ya fi bututun faɗi da milimita 20, yanka falankin ta tsakiyar ramin, saka babban, sa gam ɗin katako a bakin ƙaramin ka mayar da shi ta bayan bututun. Gam ɗin tsakanin guntayen biyu kawai, kar ya taɓa ƙasa.

Layin ƙarshe kuwa, ɗora falankin da zaka yanka daidai a kan layin da ka gama sakawa, baki da baki. Ɗauko wani guntu mai cikakken faɗi ka ɗora a kansa, ka tura shi ya taɓa guntun tazarar da ke jikin bango, ka bi gefensa da fensir kana jan sa. Layin da ya fito shi zaka yanka, kuma ko bangon a karkace yake zai fito daidai da shi. Saka shi, maƙala lanƙwasasshen ƙarfen nan ta jikin bango, buga a hankali ya jawo shi ya rufe. Wanda zai shiga ƙarƙashin firam ba ya ɗaguwa a karkace, saboda haka sai ka kankare ɗan tudun makamin da wuƙa, ka sa gam a kwarmin, ka zura shi a kwance.

12. Sikatin da dokin ƙofa

Cire duk guntayen tazara, ka ƙirga su ma in ka ga dama, guda ɗaya in ya maƙale ya isa ya hana wurin motsi. Yanke ledar da ta hau bango daidai yadda sikatin zai rufe ta. Sikatin a jikin bango ake kafa shi, da ƙusar kankare ko gam, ba a jikin laminet ba, kuma kar a danne shi ƙasa da ƙarfi, ya zauna a kai kawai. In ɗakin da sikatin na tayil tun asali kuma ba ka son fasawa, akwai siririn katako ko roba da ake bin gindinsa da shi ya rufe tazarar, shi ma a jikin sikatin ake manna shi.

A bakin ƙofa ana sa ƙarfe ko roba. In ɗaya ɓangaren tsayinsu ɗaya da laminet akwai mai siffar T, in tayil ɗin waje ya fi ƙasa akwai mai gangare. A daɓe ake kafa shi, a bar wa falanki tazararsa a ƙarƙashin fiffiken.

Gargaɗi: kar a cike tazarar bango da siminti ko farin simintin tayil wai don kar ƙwari su shiga. Ana yin haka sosai, kuma daidai yake da ba a bar tazarar ba. Haka wadurof ɗin da ake kafawa a bango ko kabad ɗin kicin, a fara kafa su sannan laminet ya zagaye su, kar a huda falanki a ɗaure wani abu a ƙasa.

13. Bayan an gama

Ana iya takawa nan take a shigo da kaya, sai dai a ɗaga a ɗauka kar a ja. Ƙafafun gado da kujeru a manna musu ɗan kyalle mai kauri ko guntun kafet.

Uwargida, wannan naki ne ke da 'yan aiki. Wankin ɗaki irin na tayil, a kwara bokiti a bi da tsintsiya, ya ƙare. Shara, sai mofa da aka matse sosai har ba ta ɗiga. Ruwa in ya zube a goge a lokacin, don in ya kwana ya shiga mahaɗa bakin falankin zai kumbura kamar burodin da ya sha shayi, kuma ba ya komawa ko ya bushe. A kula da firij in an ɗauke wuta ƙanƙara ta narke, da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga, da tagar da aka manta a buɗe hadari ya taso. Kaskon turaren wuta kar a dire shi a kai, a sa tayil ko faranti a ƙarƙashi, garwashi ɗaya in ya faɗo tabonsa ya zauna ke nan. Da hunturu kuma yashi ne ke cin samansa, a sa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, takalmi ya tsaya a waje.

In damina ta zo ka ga wani wuri ya taso amma babu alamar ruwa, kar ka tsorata kuma kar ka buga masa ƙusa. Cire sikatin, bi bango ka nemo inda falanki ya tokare, rage bakinsa da cizal ko ƙaramin injin yanka har tazarar ta dawo, ɗora wani abu mai nauyi a kan tudun kwana biyu zai kwanta. In kuma ruwa ne ya ci wasu falankan, sai a warware daga bangon da ya fi kusa, layi layi ana jera su yadda aka cire su, har a kai wurin, a tabbatar ƙasan ya bushe, a canza waɗanda suka lalace a mayar da sauran. Nan ne kwalin da ka ajiye a sito zai yi maka rana, don bayan shekara biyu da wuya ka koma kasuwa ka sami kalar da irin makamin, kuma na wani kamfani ba ya shiga na wani. A kwance zaka ajiye shi, a wurin da ruwa da gara ba sa kaiwa.